Waiwaye: Yadda direban tseren mota ya zama jarumin littafin soyayya

Muhawarar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a zaurukan WhatsApp na masu karanta littattafai a nan Abuja: me ya kai marubuciya ga ɗora labarin soyayya a kan direban tseren mota, alhali rabon Afirka da babbar gasar tseren motoci ta duniya, Formula 1, tun 1993 a filin Kyalami na Afirka ta Kudu? Wasu sun ce kwaikwayon Turawa ne tsagwaronsa. Wasu sun ce ai an gaji da yarima da likita da soja. Amma duk sun ɗauka cewa rana guda Netflix ya jefo abin, kuma ba haka ba ne.

Tun 1950 aka fara gasar a Silverstone ta Ingila. A tsakiyar shekarun 2000 kamfanin Harlequin ya riƙa fitar da littattafan soyayya masu tambarin gasar NASCAR ta Amurka. Shirin Netflix mai bin rayuwar direbobin Formula 1 ya zo a 2019, sai zaman gida na korona a 2020 da masu tallar littafi a TikTok suka ƙara wa abin mai. Wannan kowa ya sani.

Abin da ake tsallakewa ya faru ne a ƙarshen Fabrairun 2017, wajen gwajin motocin Formula 1 a Basalona ta Sifen, jim kaɗan bayan gasar ta koma hannun sababbin masu ita. A lokacin aka sassauta wa direbobi da ƙungiyoyi su ɗauki gajeren bidiyo a farfajiyar bayan gareji su saka a shafukansu. Kafin nan hoto mai motsi daga wurin haƙƙin gidajen talabijin ne da suka biya kuɗi. Mai kallo yana ganin hular kwano ne da lamba a jikin mota na kusan awa ɗaya da rabi, sai hira ta minti biyu, shi ke nan. Wa zai rubuta soyayya a kan hular kwano?

Da waya ta shiga farfajiyar, sai mutanen ciki suka bayyana. Aka ga jami'ar hulɗa da 'yan jarida tana bin direba da na'urar ɗaukar murya, da mai ba shi horo riƙe da gorar ruwa, da injiniyan da ke masa magana a kunne yana tsaka da gudu. Duba littattafan yau, a cikin waɗannan ayyuka jarumar take fitowa, in ba a mai da ita ƙanwar abokin hamayya ba. Wurin kuma kamar an gina shi ne don marubuci: jama'a ƙalilan, fuskokin dai su ne, suna yawo tare ƙasa-ƙasa daga Maris zuwa Disamba (tsere 24 aka yi a 2024), ga direbobi biyu a kowace ƙungiya, kowa babban abokin gabarsa shi ne na garejin da ke gefensa. Ko kishin gida ɗaya albarka. Netflix ya tarar da ƙofar a buɗe ne.

Inda marubuta ke tuntuɓe shi ne sun san fuskokin, ba su san aikin ba. Za ka ga an tsaida mota ana zuba mata mai, alhali an hana ƙarin mai a tsakiyar tsere tun 2010. Za ka ga masoyiya ta leƙo tana faɗa wa direba kalamai yayin canjin taya, aikin da mutum kusan 20 ke gamawa cikin daƙiƙa biyu zuwa uku. Wata ta sa shi yawon shaƙatawa ranar Asabar, ranar da ake gwajin neman gurbi a layin tashi, mataki uku, ana zubar da masu jinkiri. Wata kuma ta sa shi ya kwana yana sauya sassan motarsa da hannunsa, bayan an rufe taɓa saitinta tun daga gwajin. Daga mota ma sikeli yake fara hawa a auna shi, don zufa kan rage masa kilo biyu ko fiye a ƙasashe masu zafi.

Mai son jarumarta ta riƙe sitiyari kuma ta sani mace ta ƙarshe da ta yi tseren Formula 1 ita ce Lella Lombardi, a 1976, sai dai ta biyo da ita ta gasar 'yan mata ta F1 Academy da aka fara a 2023. Kalanda ma akwai abin ɗauka a cikinta ga mai jarumi Musulmi: a 2024 ranar Asabar aka yi tseren Bahrain da na Jidda maimakon Lahadi, don a kammala kafin a kama azumi.