Masu takardar tambayoyi ba rabon tallafi ya kawo su ba

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina son yin wannan magana, yau dai Allah ya yi. Ni aikin lafiya nake a karkara, kuma idan aka tashi bincike kan yadda mutane ke rayuwa irinmu ake ɗauka mu bi gida gida, da waya a hannu da sikeli da allon awon tsayin yara. To wallahi kusan duk gidan da na yi sallama, kafin a gama shimfiɗa min tabarma tambaya ta farko ita ce, Malama rubuta suna ake? me za a raba? Ina cewa ba rabo ba ne bincike ne, sai in ga fuska ta canza. Wasu kuma ba sa yarda, gani suke ɓoyewa nake, sai a fara gyara amsa. Akuya uku da na gani da idona a ɗaure a turke su koma na maƙwabta, yara shida su zama tara don an haɗa da na ƙanin miji, wata baiwar Allah ma ta taɓa ce min rabonsu da ɗora tukunya kwana biyu alhali ga ƙanzo nan tana shanya a bayan ɗaki. Dariya na yi na ce Yaya ai ƙanzon nan ya tona.

Ban ga laifinku duka ba fa. Talauci gaskiya ne, kuma an sha zuwa a rubuta sunayenku a tafi shiru kamar an shuka dusa. Sannan tsoron da ake wa masu bincike a ƙasar nan yana da tushe, manyanmu ba su manta 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau a Kano da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200, yara 11 suka rasu, aka yi ta shari'a sai 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Shi ya sa yanzu doka ce a yi miki bayani kafin a fara, a nemi yardarki, kuma kina da ikon cewa a'a ko ki tsaya a tsakiya ba wanda zai hana ki magani a asibiti saboda haka. Ƙin amsawa haƙƙinki ne. Abin da ke damuna shi ne a amsa amma a faɗi abin da ba shi ba.

Bari in ba da misali da abin da ya fi ƙona min rai, shekarun yaro. Tsumburewa, wato yaro ya gaza kai tsayin da ya dace da shi saboda ƙarancin abinci mai gina jiki da yawan ciwo, ba a gane ta da tsayi kaɗai, sai an gwada tsayin da watanninsa. Yaro ɗan shekara uku ne amma ya tsumbure, uwa ta ji kunya ko ta ɗauka ƙananan yara ake ba wani abu, ta ce shekararsa biyu. Shi kenan a takarda ya zama lafiyayye, idan gida ashirin suka yi haka ƙauyen gaba ɗaya ya fita daga jerin wuraren da ke da matsala, taimakon da ya kamata ya zo ya tafi wani wajen. Shi ya sa kuke ganin muna naci, an haife shi kafin azumi ne ko bayan babbar sallah, an yanke gero ko ba a yanke ba, ina katin rigakafi. Ba bin diddigi ba ne don Allah.

Kuma waɗannan amsoshi su ne suke zama alƙaluman da kuke ji a rediyo. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 shi ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Najeriya sun tsumbure, a Kebbi kashi 66, a Jigawa 64. A Nuwamban 2022 hukumar ƙididdiga ta NBS ta fitar da cewa mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki da yawa, Sakkwato ce kan gaba da kusan kashi 91. Wancan lissafin bai tsaya kan kuɗin aljihu ba, an duba ruwan sha da makewayi da abin da ake girki da shi da nisan asibiti da ko yara na zuwa makaranta. To wa ya ba da amsar? ke ce da ke zaune kan tabarma, da maigidanki da ya leƙo daga zaure yana cewa ki ce musu ba mu da komai.

Akwai wani aiki da nake yawan kafa hujja da shi don a nan gida aka yi shi. Tsakanin 2013 da 2019 ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger sun gudanar da shiri a Anka da Tsafe na Zamfara, da Buji da Gagarawa da Kiri Kasamma na Jigawa, da kuɗin gwamnatin Birtaniya. Mace mai ciki ake ba naira 3,500 duk wata, daga baya ta koma 4,000, har sai yaro ya cika shekara biyu, tare da koyarwa kan awon ciki da ba jariri dakashi da shayar da nono zalla wata shida. Ba a fara a duk ƙauyuka lokaci ɗaya ba, wasu an jinkirta musu don a samu abin kwatantawa, aka yi ta komawa gidajen nan ana auna yaran shekara da shekaru. Mutane da yawa a lokacin cewa suke ai mazan ne za su karɓe kuɗin, ko matan su zauna su daina sana'a. Abin da awon ya nuna daban ne. Bayan shekara huɗu tsumburewa ta ragu da kashi 8 cikin ɗari idan aka kwatanta da inda ba a fara ba, matan kuma sana'ar ma ƙaruwa ta yi, suka sayi dabbobin kiwo, abincin yara ya inganta, kuɗin shiga ya ci gaba da zuwa bayan an daina biya. Wani zai ce kashi 8 ai kaɗan ne, amma mu da ke ɗora yara kan allon nan mun san tsumburewa ba ta motsi da sauƙi. Yanzu ki ɗauka matan nan duk sun ɓoye awakin da suka saya don tsoron kar a cire su, da me za a nuna wa gwamnati cewa ba mace kuɗi a hannunta yana aiki?

Wani ɓangaren da ake yawan rufewa shi ne na zuciya. Muna tambaya kina samun barci? kina yawan tunani? akwai wanda kike faɗa wa damuwarki? sai a ce lafiya lau alhamdulillah. Godiyar Allah dole ce, amma mai jegon da ke kuka kullum ba ta san dalili ba, ba ta son ɗaukar jaririnta, ciwo ne ke damunta kuma ana samun sauƙinsa, ba rashin tawakkali ba ne. Haka yaron da ke da nakasa da ake turawa ƙuryar ɗaki idan mun shigo, haka jaririn da ya koma kwana uku da haihuwa ba a so a ambata. Na san da ciwo, ni ma uwa ce. Amma idan ba a ƙirga shi ba, a ofis ana ɗauka jarirai ba sa mutuwa a garinku, ungozomar da kuke ta roƙo a turo ba za a ga dalilin turo ta ba. Idan kina jin nauyin faɗa gaban kishiya ko uwar miji ki ce mu koma gefe, an koya mana haka, kuma sunanki ba ya fita a rahoto.

Maza kuma don Allah ku bar su su amsa da bakinsu. Malam ba kai ka yi naƙudar ba.

Sai dai a kula, ba duk mai riga da kati a wuya ba ne ma'aikaci. Na gaskiya zai fara bi ta wajen mai unguwa ko dagaci, zai faɗi hukumar da ta aiko shi da abin da za a yi da amsar, ba ya karɓar ko sisi, ba ruwansa da lambar BVN ɗinki ko lambar sirrin katin ATM ko lambar da banki ya turo miki a waya. Duk wanda ya ce kawo dubu biyu in sa sunanki a jerin tallafi, ki ce ya jira a zaure, ki aika yaro ya kira mai unguwa.