Zuflankiton a Tafkunan Kan Tsaunuka

Zuflankiton ƙananan dabbobi ne da ke shawagi cikin ruwa, akasarinsu ba su kai ƙwayar gero ba. Gansakukar ruwa suke ci, su kuma 'ya'yan kifi su cinye su. Duk masuncin da ke jefa birgi a madatsar Dadin Kowa ta Gombe ko ta Gubi a Bauchi, da su yake cin abinci, ko da bai taɓa ganinsu ba. Sanannu a cikinsu akwai ƙumar ruwa, wadda masana ke kira Daphnia, da kofifod da rotifa.

A tafkunan kan tsaunukan Alps da Tatra da Pyrenees na Turai, rayuwarsu daban take. Ƙanƙara kan rufe ruwan fiye da rabin shekara, abinci kaɗan ne, hasken rana kuma mai ƙuna. Shi ya sa kofifod na can suke da jan launi, wasu ƙumar ruwan kuma baƙi-baƙi, launin ne garkuwarsu. Kafin sanyi ya kama, ƙumar ruwa kan saki ƙwai mai tauri ya nutse cikin laka ya jira.

Yankin Alps ya ƙara zafi da kusan digiri 2 daga ƙarshen ƙarni na 19. Yanzu ƙanƙara na narkewa da wuri, kakar hayayyafa ta tsawaita, irin da a da sai a tafkunan gangare ake samunsu sun fara haurowa. Masu son sanyi kuwa ba su da wani tudun da za su ƙara hawa.

Sai dai ɗora wa zafi laifin komai gaggawa ne. Yawancin tafkunan nan asali babu kifi a cikinsu, mutane ne suka zuba, a yankin Tirol na Ostiriya tun wajejen 1500. Kifi kuwa manyan zuflankiton yake fara tsincewa. A Tatra, ruwan sama mai asid daga hayaƙin masana'antu ya shafe wasu iri a shekarun 1970 da 1980. Don a rarrabe aikin kowanne, masana kan zura bututu su ciro lakar ƙasan tafki, su ƙirga ƙwai da ɓawon da suka taru hawa-hawa. A gandun Gran Paradiso na Italiya, da aka kwashe kifin da raga, manyan ƙumar ruwa sun dawo cikin 'yan shekaru.