Ɗinkin Tufafin Tsakiyar Zamanin Turai don Kwaikwayon Tarihi

Ɗinkin tufafin Tsakiyar Zamani don kwaikwayon tarihi sana'a ce da ta haɗa bincike da aikin allura, inda maɗinki yake ƙoƙarin sake samar da suturar da mutanen Turai suka sa tsakanin ƙarni na 5 da ƙarshen ƙarni na 15, da irin yadi da rini da yanka da ɗinkin da hujja ta nuna an yi amfani da su a lokacin. Masu sa waɗannan tufafi su ne ƙungiyoyin da ke sake gwada yaƙe-yaƙe da kasuwanni da zaman gida na da a gaban 'yan kallo, da kuma ma'aikatan wasu gidajen tarihi. Telan fim yana neman abin da zai gamsar da ido daga nesa, shi kuwa mai wannan sana'a ana tambayarsa inda ya samo kowane yanka, da shekarar da rigar take wakilta, da ƙasar da aka sa ta, da matsayin mutumin da zai iya mallakarta.

Asalin al'adar

A 1839 an shirya wata babbar gasar mahaya masu sulke a Eglinton da ke Sikotilan, wadda ruwan sama ya ɓata, kuma tufafin da aka sa a wurin sun fi nuna yadda mutanen ƙarni na 19 suke hasashen zamanin da fiye da yadda zamanin yake. Ƙungiyoyin da ake gani yanzu na baya-bayan nan ne. An kafa Society for Creative Anachronism a Berkeley ta jihar Kalifoniya a 1966, kuma abin da take nema ga mahalarta taronta shi ne su yi ƙoƙarin sa suturar kafin ƙarni na 17. Wasu sun fi tsanantawa, kamar Regia Anglorum da aka kafa a Birtaniya a 1986, da Company of Saynt George mai tushe a Suwizalan, wadda ta taƙaita kanta ga ƙarshen ƙarni na 15. Daga cikin manyan tarukan akwai makon Tsakiyar Zamani na Visby a Suwidin, wanda aka fara a 1984, da kwaikwayon yaƙin Hastings na 1066 a Ingila, da na Grunwald na 1410 a Folan.

Inda ake samun hujja

Babu littafin tela daga wannan zamani da mai bincike zai buɗe ya kwafi yanka. Littafin da Juan de Alcega ya buga a Madrid a 1580, wanda ke cikin mafi tsufan irinsa, ya zo ne bayan zamanin ya wuce. Saboda haka ana tattara hujja daga wuri uku, wato tufafin da suka tsira, da hotuna, da rubuce-rubuce, kuma kowannensu yana da hanyar da yake ɓatar da mai gaggawa.

Tufafin da suka tsira su ne hujja mafi ƙarfi, kuma mafi shahara a cikinsu sun fito ne daga Herjolfsnes a kudancin Girinlan. A 1921 masanin ƙasar Denmak Poul Nørlund ya haƙa maƙabartar cocin wannan tsohon mazauni na mutanen Arewacin Turai, ya samu riguna da huluna da safa waɗanda akasarinsu na ƙarni na 14 da farkon na 15 ne. Dalilin tsirarsu shi ne ƙarancin katako a Girinlan, wanda ya sa aka riƙa naɗe gawa da tsofaffin tufafi a madadin akwati, sanyin ƙasar kuma ya hana su ruɓewa. Suna ajiye a gidan tarihin ƙasa da ke Copenhagen. Masaniyar yadi Else Østergård ta sake nazarinsu ta buga sakamakon a Turance a 2004, sannan a 2011 ita da abokan aikinta biyu suka fitar da zanen yankansu da awo, abin da ya sa rigar Herjolfsnes ta zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi kwaikwaya. Muhimmancinsu shi ne kayan talakawa ne, na aiki, masu faci. Sai dai wannan ma yana da iyaka, domin rigar manomin da ke zaune a ƙarshen duniyar Turai ba ta isa hujjar abin da matar attajiri ta sa a birnin Faris na Faransa ba, ko da yake dogayen jelar hulunansu sun nuna cewa yayin Turai yana isa can.

A 1936 aka tono gawar wani mutum na ƙarni na 14 a dausayin Bocksten kusa da Varberg a Suwidin, sanye da taguwa da mayafin kafaɗa da hula mai rufe wuya da doguwar safa, dukkansu na ulu. Ba a samu rigar ciki ba, kuma bayanin da aka fi yarda da shi shi ne ta lilin ce, domin ruwan dausayi mai tsami yana adana gashin dabba amma yana cinye zaren tsiro. Haka nan a guntayen yadin da aka haƙo a bakin kogin Thames a Landan, waɗanda Elisabeth Crowfoot da Frances Pritchard da Kay Staniland suka yi bayaninsu a 1992, sau da yawa zaren ɗinkin ya narke, sai jerin hujin allura ya rage, kuma daga tazarar waɗannan huji ake auna ƙanƙantar ɗinkin.

Sauran abin da ya tsira yawanci na sarakuna ne ko na waɗanda coci ta ɗauka waliyyai, domin irinsu ake adanawa. Akwai rigar lilin da ake dangantawa da Sarki Louis na 9 na Faransa, wanda ya mutu a 1270, da rigar siliki mai zaren zinariya ta Charles de Blois, wanda aka kashe a yaƙin Auray a 1364, wadda take gidan tarihin yadi na Lyon, da rigar yaƙin Edward, ɗan sarkin Ingila da ake wa laƙabi da Baƙin Yarima, wanda ya mutu a 1376, a babbar cocin Canterbury.

Hotuna sun fi yawa, sun kuma fi yaudara. Littafin addini mai zane da ke ɗakin karatun Morgan a New York, na wajen 1250, yana nuna sojoji da leburori har da ɗan wandon ciki, littafin zabura na Luttrell na farkon ƙarni na 14 kuma yana nuna manoman Ingila suna huɗa da girbi. Amma mai zane yakan sa wa mutanen da ke cikin labaran addini tufafin da ya ƙirƙira don su yi kama da baƙi ko mutanen da, kuma launin da ya shafa na fenti ne, wanda ba lallai ne marini ya iya fitar da shi a kan ulu ba. Hoto kuma ba ya nuna bayan riga ko cikinta. Rubuce-rubuce, irin su wasiyya da jerin kayan gado da lissafin kuɗin fada, suna faɗin farashi da tsawon yadi, sai dai sunan riga guda yakan canza ma'ana daga ƙarni zuwa ƙarni. Dokokin sutura ma hujja ce mai fuska biyu. Dokar Ingila ta 1363 ta ƙayyade irin yadin da kowane rukuni na jama'a zai sa, kuma ba a hana mutane abin da ba sa yi, saboda haka dokar tana nuna burin hukuma da kuma abin da ake yi a bayan idonta.

Yadi da rini

Ulu shi ne yadin waje na kowa, lilin na ciki, siliki kuma na masu hali. Auduga ta fi fitowa a cakuɗe da lilin ko a matsayin cikon rigar yaƙi. Saƙar ulu mai layi a karkace ta yawaita, kuma a biranen Filanda, wato yankin Beljiyam ta yau, da na Italiya ana bugun yadin cikin ruwa har ya cure, a taje shi, a aske, ta yadda za a iya yanka bakinsa ba tare da ya warware ba. Wannan ne ya ba da damar adon yanke bakin hula da hannun riga kamar ganye a ƙarni na 14, adon da ba ya yiwuwa da yadin zamani maras kauri.

Zaton cewa mutanen lokacin launin ƙasa kawai suke sawa kuskure ne wanda ƙasar da aka tono yadin ta taimaka wajen haifarwa, domin ita ce ta rina su. Nazarin kayan Herjolfsnes ya nuna cewa wasu an saƙa su da zaren tsaye mai duhu da na kwance mai haske. A sauran Turai shuɗi yana fitowa daga ganyen wod, ja daga saiwar mada, rawaya daga tsiron weld, kore kuma daga haɗa shuɗi da rawaya a tsomi biyu. Sinadarin shuɗin wod shi ne dai na baba, kuma aikinsa bai bambanta sosai da na karofin Ƙofar Mata a Kano ba, wato a bar ruwan rini ya ruɓa, a tsoma yadi, a fito da shi iska ta mai da shi shuɗi. Ja mafi tsada yana fitowa daga ƙwaron kermes. Ja da rawaya suna buƙatar alif kafin su kama, abin da ya sa gano ma'adininsa a Tolfa kusa da Roma a farkon shekarun 1460 ya zama babbar hanyar kuɗin shiga ga fadar Fafaroma. Rinin sinadarai na zamani ya fara ne a 1856 da aikin William Perkin, don haka mai kwaikwayo da ya sayi yadin kanti yana zaɓar launin da ya yi kusa da na tsiro, kuma yana tuna cewa baƙi mai zurfi da ja mai ƙuna launukan masu kuɗi ne.

Yanka da ɗinki

Yadin da aka kaɗa zarensa aka saƙa da hannu ya fi aikin tela tsada nesa, kuma wannan gaskiya tana bayyana a yanka. Har zuwa farkon ƙarni na 14 yawancin riguna ana gina su ne da dogayen ƙyallaye masu kusurwa huɗu, a cusa masu kusurwa uku a gefe da tsakiya don ƙasan ya buɗe, a sa wani ɗan ƙarami a hammata don hannu ya ɗaga, ta yadda kusan babu abin da ake zubarwa. Wajen 1340 yayi ya juya zuwa riga mai bin jiki, da hannu mai lanƙwasa a kafaɗa, rigunan maza suka gajarta, kuma tun da rigar ba ta shiga ta ka, sai maɓallai da igiyar ɗauri suka yawaita. Rigar Charles de Blois tana nuna iyakar wannan fasaha, domin ramin hannunta ya shiga can cikin ƙirji da baya, an kuma haɗa hannun da ƙyallaye da dama don mai ita ya motsa duk da matsewarta. Safa kuwa ana yanka ta ne a karkace daga saƙaƙƙen yadi don ta ɗan miƙe, a ɗaure ta da igiya a ƙugu.

Ɗinkin kansa ba mai wuya ba ne, yawansa ne aiki. Ana amfani da zaren lilin da aka goga wa kakin zuma, ko na ulu, ko na siliki a bakin maɓalli. Ana kwantar da bakin kowane haɗi a bi shi da ƙananan ɗinki, ana ƙarfafa wuya da siririn ƙyalle ko saƙaƙƙen baki, ana huda ramin igiya da tsinke a zagaye shi da zare maimakon a yanka yadin. Maɓallai da yawa na yadi ne da aka dunƙule, kuma a gefen riga ake ɗinka su, ba can ciki ba. Aljihu irin na yau babu shi, sai jaka a ɗamara, wani lokaci da tsaga a rigar waje don hannu ya kai gare ta.

Sassauci da saɓani

Ƙungiyoyi sun bambanta a kan iyakar da za a tsaya. Wasu sun yarda da keken ɗinki a haɗin ciki muddin duk abin da ido zai gani na hannu ne, wasu kuma ba su yarda da shi ko kaɗan ba, amma zif da roba da yadin leda kusan ko'ina abin ƙi ne. Ko mai tsanantawa yana sassautawa a wani wuri, domin tumakin yau ba irin na da ba ne, kuma yadin da aka kaɗa aka saƙa da hannu ya fi ƙarfin aljihun yawancin mutane. Kuskuren da ya fi wannan girma shi ne haɗa abubuwan da kowannensu daidai ne amma ba su taɓa haɗuwa ba, kamar hular 1250 a kan rigar 1450, ko yawan masu shigar sarauta a filin da ya kamata manoma su fi rinjaye.

Wasu tambayoyin kuma hujjarsu ba ta kai ta yanke hukunci ba. Rigar matan Vikin, mutanen Arewacin Turai na da, mai maɗauri a kafaɗa, an san ta ne daga 'yan guntayen da tsatsar maƙalan ƙarfe ta adana a kaburburan Birka da ke Suwidin, waɗanda Agnes Geijer ta yi bayaninsu a 1938, da wani yanki daga tashar jiragen ruwa ta Hedeby, a arewacin Jamus ta yau, wanda Inga Hägg ta nazarta, kuma daga waɗannan guntaye masana sun fitar da siffofi daban-daban, wasu a rufe, wasu a buɗe. Sabon bincike yana iya sauya ra'ayin da ya daɗe. An ɗauka cewa matan ƙarni na 15 matsattsiyar rigar ce kaɗai take tallafe musu ƙirji, har sai da aka buɗe wani ɓoyayyen gurbi a ƙarƙashin daɓen gidan sarauta na Lengberg a Ostiriya a 2008, inda masu bincike na Jami'ar Innsbruck, ciki har da Beatrix Nutz, suka samu kayan ciki na lilin masu kama da rigar nono, waɗanda gwajin kabon, mai auna shekarun abu, ya tabbatar da cewa na wannan ƙarni ne.