Gyara da fentin firam ɗin gilashin gaba na tsohuwar mota

Tsofaffin motoci irin su Fijo 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, da Volkswagen Beetle, roba ce ke riƙe gilashinsu na gaba, ba gam ba. Robar tana kama wani siririn leɓen ƙarfe da ya zagaye firam ɗin. Wannan leɓen shi ne duk aikin.

Me ya sa tsatsa ta fi cin wurin?

In roba ta tsufa sai ta bushe ta tsattsage, ruwa ya shige ƙarƙashinta ya gangara ya kwanta a kusurwoyin ƙasa guda biyu. Ƙurar hunturu da ta taru a wurin ita ke riƙe danshin in damina ta zo. Daga waje ɗan kumburin fenti kawai za ka gani a bakin roba, amma da ka ɗaga ta sai ka tarar ƙarfe yana ɓarewa kamar ɓawon albasa.

Ta ina ake farawa?

Yanka tsohuwar robar da wuƙa mai kaifi, mutum biyu su ɗaga gilashin. Kada a banƙare shi don a ceci roba: roba ana samunta, gilashin tsohuwar mota kuwa sai an sha yawo. Rufe dashbod da kujeru da sauran gilasai, domin tartsatsin giranda yana manne wa gilashi ya ƙi fita. Kankare tsohon gam ɗin toshe ruwa in akwai shi a kan leɓen, ka bi da burushin waya, sannan sanfefa mai lamba 80, sai 180, har ƙarfe ya yi fari. Ƙananan baƙaƙen ramuka da suka rage tsatsa ce mai rai. Sai an cire su, ko a sa musu maganin tsatsa.

In an ga huji, fila ba za ta wadatar ba?

A'a. Fila, wato kwaɓin da ake cike lotsawar jikin mota da shi, tana shan ruwa, kuma tana ƙara wa leɓen kauri, sai roba ta kasa zama. A yanke ruɓaɓɓen wurin a ɗora sabon ƙarfe mai kaurin na asali. A yi waldar ɗigo-ɗigo ana barin wurin yana hucewa, don zafi yana karkatar da leɓe, karkataccen leɓe kuwa yana fasa gilashi. Bayan an goge waldar, a gwada gilashin da sabuwar robarsa tun kafin fenti. Nan ne mutane da yawa ke tsallakewa, sai an gama fenti a dawo da guduma.

Wane faraima, wato shafin farko kafin fenti, ya dace?

Na ifoksi, mai haɗi biyu. Goge ƙarfen da maganin cire maiƙo, ka fesa a ranar, don tsiraran ƙarfe yana iya yin ja cikin dare ɗaya in akwai danshi. Shafi biyu marasa kauri, da tazarar kamar minti 10 zuwa 15. Ma'aunin haɗin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka bi abin da ke jikin gwangwani. Sannan a cike layukan da ƙarfe biyu suka haɗu da gam ɗin toshe gaɓa.

Fenti fa?

Bi faraima da sanfefa 400, ka fesa shafi biyu zuwa uku, ka tabbata ya shiga bayan leɓen ta cikin mota. Kada ya taru ya yi gudaji a kusurwa. Fentin da ake haɗawa da hadina, wato ruwan da ke sa shi ya yi tauri, yana cutar da huhu, sai da abin rufe hanci mai matata. A ba shi kamar mako guda kafin a sa gilashi, in ba haka ba igiyar sa gilashi da roba za su kwaɓe shi, ruwa ya sake samun hanya.

In gilashin na gam ne?

To, kada fenti ko fila su hau layin da gam zai zauna. Rufe shi da salatif bayan faraiman ifoksi, in an gama fenti a cire salatif ɗin, sannan a shafa faraiman da kamfanin gam ɗin ya tanada. Gam da ya kama fenti, fentin kawai ya riƙe.

Me ake shafa wa roba wajen sawa?

Ruwan sabulu kawai. Baƙin mai da giris suna kumbura roba, silikon mai warin tsami kuma yana jawo tsatsa. Zura igiya mai kaurin milimita 4 ko 5 cikin ramin robar, bakinta biyu su haɗu a tsakiyar ƙasa. Ɗaya yana danna gilashin da tafin hannu daga waje, ɗaya yana jan igiyar a hankali daga ciki. In an gama, a zuba ruwa daga saman rufi, wani na ciki da tocila yana duba kusurwoyin ƙasa.