Zangon Rediyo da Tazarar Shela a Kwantirolar Wi-Fi

Kwantirola na'ura ce da ke juya akalar akwatunan rarraba Wi-Fi a manyan gine-gine, irin otal-otal, bankuna da makarantun da ke cikin garin Kaduna. Daga kanta ake zaɓa wa kowane akwati zango (yankin mitar rediyo, wanda ake aunawa da gigahaz) da tasha (ƙaramin yanki a cikin zangon) da ƙarfin sigina, ba sai an kafa tsani an bi su ɗaya bayan ɗaya ba.

Tarihi

A 1985 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta ba da damar amfani da wasu zanguna ba tare da lasisi ba, ciki har da na gigahaz 2.4. Ƙa'idar 802.11 ta ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE, wadda Wi-Fi ke aiki da ita, ta fito a 1997, gudunta bai wuce megabit 2 a daƙiƙa ba. A 1999 aka samu 802.11b a zangon 2.4 da 802.11a a zangon 5, amma ta farkon ce ta ci kasuwa, galibi saboda arha. Sai 802.11n ta 2009 ta haɗa zangunan biyu. Zangon gigahaz 6 ya fara shigowa wajajen 2020. A Najeriya hukumar NCC ke kula da zangunan sadarwa.

Zanguna

Zangon 2.4 yana cin nisa, yana kuma ratsa bangon bulo, sai dai cunkoso ya yi masa katutu: tashoshi 1, 6 da 11 ne aka saba zaɓa domin ba sa hawa kan juna, ga Bluetooth ma a ciki. Zangon 5 ya fi yalwa da sauri, amma katanga biyu ko uku kan karya lagonsa.

Shela

Kowane akwati yana aika ɗan gajeren saƙo a kai a kai, ɗauke da sunan hanyar Wi-Fi ɗin da irin tsaronta, kamar mai shela a bakin kasuwa. Tazarar da aka saba tsakanin shela da shela ita ce 100 a ma'aunin lokaci na Wi-Fi, wato milidaƙiƙa 102.4, kusan sau goma ke nan a daƙiƙa. Kowane suna da tasa shelar, kuma da mafi ƙarancin gudu ake aika ta, shi ya sa jera sunaye barkatai ke cinye lokacin da ya kamata bayanai su wuce. Akwai kuma adadin DTIM, yawanci 1 zuwa 3, wanda ke ƙayyade bayan shela nawa wayar da ke barci za ta farka ta karɓi saƙon gama-gari. Ƙara shi na rage cin batir, amma yana jinkirta saƙo.

Masu sana'ar sun saɓa kan tsawaita tazarar. Mafi yawansu kan bar ta a 100 su rage sunaye.