Tsattsauran Kishin Ƙasa a Gabashin Turai Bayan Faɗuwar Gurguzu

Waɗannan tambayoyi an aiko mini su har na gaji da maimaita amsa, don haka na tara su wuri guda.

Su wane ne masu tsattsauran kishin ƙasa?

Jam'iyyu ne da ke cewa ƙasa mallakar ƙabila ɗaya ce, sauran mutane kuwa baƙi ne ko da a nan aka binne kakanninsu. Jobbik ta Hangari, wadda ta samu kusan kashi 17 cikin ɗari a zaɓen 2010 tana kamfe na adawa da 'yan Roma, wata ƙabilar tsiraru a ƙasar, misali ce a wancan lokacin.

Talauci ne ya haife su?

Ba shi kaɗai ba, kuma ɗalibai su daina rubuta haka a jarrabawa kamar sun gama magana. Tattalin arzikin Foland ya yi ta bunƙasa tun daga 1992, amma irin wannan ra'ayi bai mutu a can ba. Emile Durkheim, ɗaya daga cikin iyayen ilimin zamantakewa, ya nuna cewa idan ƙa'idojin zaman tare suka ruguje farat ɗaya, mutum yakan rasa abin dafawa ko da aljihunsa bai bushe ba. Bayan faɗuwar gurguzu a 1989 masana'antun gwamnati da yawa, waɗanda suke ba ma'aikaci aiki da gida da mutunci, suka rufe. Wanda ya rasa sunan "ma'aikaci" sai ya riƙe sunan ƙabilarsa.

Ɗana ya samu gurbin karatu a Hangari ko gabashin Jamus, in bar shi ya tafi?

Wannan ce tambayar da ba na amsawa da gaggawa. A mafi yawan lokuta zan ce ya tafi, amma ya danganta da gari. Birnin jami'a irin Budafes ko Debrecen a Hangari, ko Laifzig a gabashin Jamus, ya saba da ɗalibai baƙi, ƙaramin gari kuwa wanda matasansa suka watse zuwa yamma lamarinsa daban ne. Gaskiya ne jam'iyyar AfD mai tsattsauran kishin ƙasa ta zo ta ɗaya a jihar Turingiya ta gabashin Jamus a zaɓen 2024 da kusan kashi 33 cikin ɗari, sai dai ba kowane mai ba ta ƙuri'a ne zai tare baƙo a hanya ba, kuma ba zan ce muku babu masu yin hakan ba. Baƙar fata da mace mai hijabi sun fi fuskantar kallon banza da baƙar magana. Ku kwantar da hankalinku, ya tuntuɓi ɗaliban Afirka da ke garin kafin ya kama ɗaki, ya kuma guji wuraren gangamin siyasa da fitar dare shi kaɗai.

Ashe gurguzu bai kashe ƙabilanci ba?

Bai kashe ba, danne shi ya yi. Max Weber, wani masanin ilimin zamantakewa, ya ce ƙabila imani ce da asali ɗaya, imani kuwa doka ba ta goge shi. Har yau a Hangari ana juyayin yarjejeniyar Tiriyanon ta 1920, wadda ta raba ƙasar da kusan kashi biyu bisa uku na faɗinta.