Kafin ka sayi giyar inji, ƙirga haƙoranta

Da rake ya nuna a ƙasar Maƙarfi da kewaye, masu yin mazarƙwaila sukan fara tada injinan matsa da suka yi watanni a ajiye. Masu injin matsar man gyaɗa da na casar shinkafa su ma kaka ce lokacin cin kasuwarsu. A irin wannan lokaci ne ƙorafi ɗaya ke yawan zuwa wa malaman gona: an sa sabuwar giya, ba ta rufa wata ba ta cinye, har ta cinye tsohuwar da ta tarar. Mai inji ya ce ƙarfen zamani ne ba ƙwari. Wani lokaci gaskiyarsa ne, amma sau tari laifin na tun wurin saye ne, inda aka ɗora tsohuwa a kan sabuwa, aka duba da ido, aka ce ai ɗaya suke.

Giyar da nake magana a kai ita ce mai miƙaƙƙun haƙora, wadda haƙoranta ke tafiya sambal daidai da tsawon shaf, wato sandar ƙarfen da take kai. Ita ce mafi sauƙin ƙira da araha, shi ya sa take cikin injin matsar rake, da giyabos ɗin babur, da wurare da dama a tarakta. Aikinta ɗaukar juyi daga wani shaf zuwa wani da ke kwance a gefensa. Idan ɗaya ta juya dama, abokiyarta hagu za ta juya. Ba ta sulɓewa kamar bel, kuma idan an haɗa ta daidai ƙarfin da ke ɓacewa a tsakanin biyun bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba. Aibinta ƙara, musamman a guje. Kukan nan da mota mai giyar hannu ke yi idan ana ribas daga nan yake, domin a yawancinsu giyar baya miƙaƙƙun haƙora gare ta, na gaba kuwa karkatattu ne.

Lissafin gudu a yawan haƙora yake. Motar lantarki mai juya inji, irin wadda aka fi samu a kasuwa, tana juyi kusan 1,440 a minti ɗaya. Idan aka ɗaura mata giya mai haƙora 20 tana tura mai 60, sai ƙaramar ta zagaya sau 3 kafin babbar ta yi 1, wato babbar za ta riƙa juyi 480. Gudun ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku, ƙarfin murɗawa kuma ya ninka kusan sau uku. Aka ƙara wani hawa na 20 da 80 a baya, gudun ya sauko 120. Haka ake bi hawa-hawa har a samu juyin a hankali mai ƙarfi da rodin matsar rake ke buƙata. Saboda haka wanda ya ce zai sa giya mai ƙarin haƙora a kan motar injin don aiki ya yi sauri, ya sani ƙarfi ya sayar ya sayi gudu, kuma injin zai riƙa shaƙewa da an tura masa kaya.

Yanzu ga inda ake tafka asara. Giya biyu ba sa zama lafiya sai girman haƙoransu ya zo ɗaya, kuma girman haƙori yana da lamba, ana kiranta modul. Akwai modul 2, 2.5, 3, 4, 5 da sauransu, duk a milimita. Lambar na hawa haƙori na ƙara kauri da zurfi. Gano ta ba sai an je makaranta ba. Ka ƙirga haƙoran tsohuwar giyarka, ka sa alli a inda ka fara don kada ka maimaita. Sannan ka auna faɗinta daga kan haƙori zuwa kan haƙorin da ke ɗaya gefen, da ma'aunin baniya irin na masu sassaƙa ƙarfe, ba da tef ɗin tela ba. Ka ƙara 2 a kan yawan haƙoran, ka raba faɗin da abin da ka samu. Misali giya mai haƙora 40 da faɗin milimita 126: 40 da 2 sun zama 42, 126 a raba 42 ya ba da 3. Modul ɗinta 3 ke nan, kuma duk giyar da za ta hau ta dole ta zama modul 3, ko haƙoranta 18 ne ko 90. Idan tsohuwar ta ci sosai awon zai ɗan gaza, sai ka ɗauki lamba mafi kusa.

In kuwa lissafi ya ba ka abu kamar 3.17 ko 3.18, kada ka yi saurin cewa 3 ne. Tsofaffin injinan Ingila da na Amurka da inci ake yanka giyarsu, kuma akwai girman da ya yi daidai da modul 3.175. A giya mai haƙora 20, bambancin faɗi tsakaninta da ta modul 3 bai kai milimita 4 ba. A tsibin ƙarafa na Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ido ba zai raba su ba, kuma mai sayarwa ba lallai yana cutarka ba ne, shi ma da ido yake aiki. Za su shiga juna, za su juya da hannu, sai an tada inji an ɗora kaya su fara gugar juna. Akwai kuma kusurwar da haƙori ke tura ɗan'uwansa. Giyoyin yanzu yawanci digiri 20 ne, tsofaffi da yawa 14 da rabi. Ko modul ya zo ɗaya, in kusurwa ta saɓa ba za su daɗe ba. Wannan ba ya aunuwa a gida, don haka shawarata ga mai tsohon inji ita ce ya canza giyoyin biyu tare in hali ya yi. Kuɗin ya fi yawa a ranar, amma ya fi saye sau biyu a kaka ɗaya.

Lanƙwasar da ke gefen haƙori ba ado ba ce. Ka naɗe zare a jikin gwangwani, ka kama bakinsa ka riƙa warwarewa yana a miƙe; hanyar da bakin zaren ya bi ita ce siffar gefen haƙorin giya. Masanin lissafi Leonhard Euler ne ya yi bayanin amfaninta a ƙarni na 18, kuma har yau a kanta ake yanka mafi yawan giyoyi. Ita ke sa babbar giya ta juya da gudu ɗaya ba fizga, kuma kafin haƙori ɗaya ya saki wani ya riga ya kama. Shi ya sa nake jan kunne a kan cika karyayyen haƙori da walda a goge da giranda. Mai walda, komai gwanintarsa, ba zai fitar da wannan lanƙwasa da hannu ba, ga shi zafin wuta na canza taurin ƙarfen, in na zubi ne ma ya tsage. A yi shi don a ƙarasa aikin ranar, na fahimta, amma kada a mai da shi gyara. Haƙorin nan ɗaya zai riƙa dukan haƙoran abokiyarsa har ya lalata su.

Masu ƙera injinan gida su riƙe wasu lambobi. Nisa tsakanin tsakiyar shaf biyu shi ne a haɗa haƙoran giyoyin, a ninka da modul, a raba biyu. Na 20 da 40 a modul 3 ya kama milimita 90. Aka matse ƙasa da haka za su cije su yi zafi, aka buɗe da yawa kan haƙori kaɗai zai ɗauki nauyi. Ɗan wasa kaɗan tsakanin haƙora dole ne, wurin mai ne da kumburin ƙarfe in ya ɗumama. Ƙaramar giya kada haƙoranta su gaza 17 a kusurwar digiri 20, domin ƙasa da haka injin yanka na rarake gindin haƙorin ya raunana shi. Kaurin giya kuma ana yawan ɗaukar ninki 8 zuwa 12 na modul. Ƙaramar ta fi babbar shan wahala tunda ta fi ta zagayawa, don haka ita ta fi cancantar ƙarfe mai tauri.

Giya kan nuna ciwonta kafin ta karye. Cin da ya tsaya a gefe ɗaya na haƙori alamar shaf ya karkace ne ko boris ya mutu, kuma sabuwar giya ba za ta warkar da wannan ba. Ƙananan ramuka a fuskar haƙori nauyi ne ya yi yawa. Haƙoran da suka sirance suka yi kaifi kuwa aikin ƙura ne, domin giris da yashin hunturu in sun gauraya sai su riƙa cin ƙarfe. A giyabos rufaffe a sa man giya mai kauri irin lamba 90, ba baƙin man da aka juye daga mota ba. A buɗaɗɗiyar giya a goge tsohon giris kafin a shafa sabo.

Sai maganar da ta fi duk waɗannan. Wurin da haƙora biyu ke haɗuwa yana jan duk abin da ya taɓa shi, kuma ƙarfin da ke matse rake ba ya bambanta kara da yatsa. Hannun babbar riga, bakin mayafi, hijabi, igiyar wando, duk suna shiga kafin mutum ya ankara. A yi wa giya murfi ko da na langalanga ne, a ɗaure da noti, kuma bayan gyara a mayar da shi, kada a jingine a bango. Ba a shafa giris inji na tafiya. Yara ba su da aiki a gefen giya, ko na miƙo rake ne. Kowa da ke wurin ya san inda ake kashe inji.

In tsautsayi ya faɗa, a kashe inji tukuna, kada a ja mutum da ƙarfi. A juya giyar baya da hannu ko a kwance ta. A danne raunin da ƙyalle mai tsabta, a ɗaga hannun sama, a nufi asibiti nan take. Kada a zuba man inji, toka, ƙasa ko garin magani a kai. In yatsa ya cire, a naɗe shi a ƙyalle mai tsabta mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle, a ɗora ledar cikin ruwa mai ƙanƙara ba tare da naman ya taɓa ƙanƙarar ba, a tafi da shi tare da mai raunin. A asibiti a tuna a tambayi allurar rigakafin tetanus, domin raunin ƙarfe mai datti na daga cikin hanyoyin kamuwa da ita.